Zakaran Gwajin Dafi Ya Koma Ɓera

Kakanninmu, in za su fita yaƙi ko farautar manyan namun jeji, ba su kan amince wa dafin kibiya da ka kawai ba. In an dafa kwankwani da sauran mahaɗinsa, sai a kamo zakara a soke shi da tsinin da aka shafa wa dafin, a koma gefe a zuba ido. In ya faɗi nan take, dafi ya yi. In kuwa ya karkaɗe fiffike ya ci gaba da tononsa, sai a mai da tukunya bisa murhu. Daga nan ne a kan ce aka samo maganar nan ta zakaran gwajin dafi. Abin da ya sa dabarar ta ci kuwa shi ne, dafin kibiya ba shi da haƙuri, kafin a gama tauna goro guda ya nuna halinsa.

To, amma akwai wani irin dafi mai haƙurin tsiya. Mutum ya sha shi, ko ya shaƙa, ko ya shafa a jiki, ya tashi garau ya tafi harkarsa, sai bayan shekara 20 ko 30 a ga ƙari ya fito masa a hanta, ko huhu, ko mafitsara. Wannan shi ne ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, Allah Ya kiyashe mu. Yaya za a gane irin wannan dafi tun bai shiga kasuwa ba, ga shi kuwa ko wace shekara masana'antun duniya suna fito da sababbin sinadarai, na magani, da na rini, da na kashe ƙwari? Abin da masana suka daɗe suna dogara gare shi shi ne ɓera. Yau mu ke so mu ba masu karatu labarin wani ɓera na daban, wanda aka taɓa gadon halittarsa da gangan don ya riƙa ba da amsa da wuri, mu kuma duba ko har ina ya kamata a gaskata shi.

Sa'ad da mutane ne zakarun

Da fari dai babu wani gwaji, mutane ne ke faɗuwa, sa'an nan a tambayi abin da ya ka da su. A cikin 1775 wani likitan fiɗa na birnin Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sana'ar share bututun hayaƙi na gidaje suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina. Tun suna ƙanana a ke cusa su cikin bututun, kunkunniya ta manne musu a jiki, ba wanka ba sauya tufa, ciwon kuwa ba ya fitowa sai sun girma. A cikin 1895 kuma wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya ba da labarin mutum 3 masu ƙari a mafitsara, dukansu ma'aikatan masana'antar rini guda. Waɗannan duk ihu ne bayan hari. Ai sai a 1938, watau shekara 43 bayan maganar Rehn, aka sami wanda ya ciyar da karnuka ɗaya daga cikin sinadaran rinin, ya ga ƙarin ya fito musu a mafitsara. Cikin waɗannan shekaru kuwa ma'aikata ba su fasa zuwa aiki ba.

Waɗanda suka fara nuna cewa a na iya tayar da ciwon nan a jikin dabba da hannu mutanen Japan ne biyu, Yamagiwa da Ichikawa, a Tokyo cikin 1915. Kwalta suka riƙa shafa wa zomaye a kunne, wata da watanni ba gajiya, har ƙari ya fito. Tun daga nan ƙofa ta buɗe. Sannu a hankali aka bar zomo aka koma ga ɓeraye, don ba su da wuyar kiwo, suna da yawan haihuwa, rayuwarsu duka kuwa ba ta cika wuce shekara 2 da 'yan watanni ba. Abin da zai ɗauki ɗan Adam shekara 60 bai gani ba, ɓera zai nuna shi kafin damina ta uku.

Gwajin shekara biyu

Ga yadda tsohon gwajin ya ke, wanda har yanzu ba a bar shi ba. A kan ɗauki ɓeraye iri biyu, ƙananan nan irin na ɗaka, da manyansu masu kama da 'yar gafiya. Ko wane iri a raba shi kashi 4, a ko wane kashi maza 50, mata 50. Kashi ɗaya ba a ba shi kome sai abincinsa, don a sami abin kwatantawa. Sauran ukun a riƙa ba su sinadarin kullum, waɗannan kaɗan, waɗannan tsaka-tsaki, waɗancan kuwa iyakar abin da jikinsu zai iya ɗauka ba su mutu ba. Duka ke nan ɓera 800. Bayan shekara 2 a kashe waɗanda suka rage, a feɗe su, a yanko sassa wajen 40 daga jikin ko wanne, likitoci su yi ta dubawa da madubi ɗaya bayan ɗaya. In aka haɗa da shiri da rubuta sakamako, aikin ya kan kai shekara 3 ko fiye, kuɗinsa kuwa miliyoyin dalar Amurka ne, a kan sinadari guda tak.

Tsada da jinkiri ba su ne kaɗai aibinsa ba. Ɓeran da ya kai shekara 2 tsoho ne tukuf, tsufa kuwa da kansa ya kan kawo ƙari ko ba a ba shi kome ba. Akwai ma wani jinsin ƙaramin ɓera da a ke yawan gwaji da shi, wanda mazansa da yawa su kan yi ƙari a hanta haka kawai. Sai likita ya zauna yana lissafi, ko wannan ƙari na tsufa ne, ko na sinadari. Sa'an nan ga ɗurar da a ke yi musu, wadda babu mahalukin da zai sha kwatankwacinta. Da aka tara sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje, sai aka ga wajen rabin sinadaran da aka gwada sun tayar da ƙari a wani sashe na jikin wani ɓera. Shaidan da ya ce rabin mutanen gari ɓarayi ne kuwa, lalle alƙali ya dube shi da kyau.

Misalin da masu karatu za su fi ganewa shi ne sakarin, ɗan farin garin nan mai zaƙi da a ke sa wa abin sha maimakon sukari. A cikin 1977 gwaji a Kanada ya nuna manyan ɓerayen da aka cika wa abinci da shi suna yin ƙari a mafitsara. Hankali ya tashi, a Amurka aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin duk abin da aka sa shi a ciki. Daga baya ne aka gano ashe fitsarin babban ɓera yana da waɗansu abubuwa da na mutum ba shi da su, su ne ke haɗuwa da sakarin su zama kamar tsakuwa mai laushi, ta yi ta gogar mafitsara har ta yi rauni. A cikin 2000 aka soke gargaɗin. Shekara 23 ke nan a na tuhumar sakarin bisa shaidar fitsarin ɓera.

Ƙaimi da linzami

Kafin mu kai ga sabon ɓeran, sai mun ɗan bayyana yadda ciwon daji ke somawa. Jikin mutum da na dabba an gina shi ne da 'yan ƙananan tubala masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Tubali yana iya rabuwa biyu ya haifi irinsa, ta haka yaro ke girma, ta haka rauni ke warkewa. A cikin ko wanne kuma akwai dubban ƙwayoyin gado, watau umarnin da ya gada daga uwa da uba, masu gaya masa abin da zai yi. Waɗansu ƙwayoyin gadon aikin ƙaimi su ke yi, su ce wa tubali ya haihu. Waɗansu aikin linzami su ke yi, su tsai da shi, in ma ya lalace ƙwarai su sa shi ya mutu don kada ya haifi irinsa. In ƙaimi ya kafe a cikin doki, linzami kuma ya tsinke, kowa ya san inda a ke kwana. Ciwon daji ke nan: tubalin da ke haihuwa ba mai tsai da shi.

Ba ɓarna guda ke kawo wannan ba, sai an yi ta sau da yawa cikin tubali ɗaya, shi ya sa ciwon ke jinkiri. Daga nan masana suka yi tunani: in aka sami ɓeran da tun daga cikin uwarsa an riga an yi masa ɓarnar farko, ai sinadari mai cutarwa ba zai daɗe ba zai ƙarasa sauran. Katangar da ta riga ta tsage ba ta bukatar ruwa mai yawa.

A cikin 1980, a Jami'ar Yale ta Amurka, aka nuna a na iya ɗura ƙwayar gado da siririyar allura cikin ƙwan ɓera da bai daɗe da samun ciki ba, a mai da shi mahaifar wata uwa, a haifi ɗa da baƙuwar ƙwayar a jikinsa. Philip Leder da Timothy Stewart na Jami'ar Harvard suka bi wannan hanya suka yi ɓera mai saurin kamuwa da ciwon daji, a 1988 kuwa gwamnatin Amurka ta ba su takardar mallakar ƙirƙira a kansa. Wannan shi ne karo na farko da ta ba da irin takardar nan a kan dabba, an kuwa sha gardama a kai, wadda ba ita ce ta kawo mu ba yau.

Biyu daga cikin ɓerayen da suka biyo baya su ne suka yi suna wajen gwaji. Na ɗaya mutanen Japan suka fito da shi a 1990, a na ce da shi rasH2. An sa masa kwafi 3 na wata ƙwayar gadon ɗan Adam mai suna ras, wadda ta ke cikin masu aikin ƙaimi. Na biyu an yi shi ne a birnin Houston na Amurka a 1992. Shi ba a ƙara masa kome ba, ragewa aka yi. Akwai wani babban linzami da a ke kira p53, wanda a kan same shi a lalace cikin wajen rabin ciwon dajin da ke kama mutane. Ko wane tubali yana da shi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɓeran da aka cire wa duka biyun ba ya amfanar gwaji, don kafin wata 6 yawancinsu sun yi ƙari da kansu. Amma wanda aka cire wa ɗaya aka bar masa ɗaya, ya kan zauna lafiya lau cikin watanninsa na fari, sai fa in wani abu ya zo ya tsinke guda ɗayan da ya rage.

Da waɗannan ɓeraye, gwaji ya kan ƙare cikin mako 26, watau wata 6. A ko wane kashi maza 25 ne, mata 25, duka wajen 200 ke nan maimakon 400. Da ya ke kuma matasa ne sa'ad da a ke feɗe su, ƙarin tsufa bai soma ba, abin da aka gani a jikinsu ba ya bukatar dogon lissafi. Akwai wani abu kuma da ya burge mu. A kan ware 'yan kaɗan a ba su wani dafi sananne, wanda an tabbata yana kawo ciwon. In waɗannan ba su yi ƙari ba, an san ɓerayen ne ba su da kyau, gwajin duka ya ɓaci. Watau kafin a ji shaida, sai an gwada ko idon mai shaidar yana gani.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninsu. Akwai wani sinadari, fenolftalin, da aka yi shekara wajen 90 a na sa shi cikin maganin wankin ciki a Amurka, kowa na saye a kanti ba sai da takardar likita ba. A cikin 1996 gwajin shekara 2 ya nuna yana tayar da ƙari, amma saboda abin da muka ambata na yawan tuhuma, aka yi ta ja-in-ja. Sai aka ba ɓeraye masu linzami ɗaya. Cikin wata 6 ciwon daji ya kama musu wata kaluluwa da ke cikin ƙirji, da aka bincika ƙarin kuwa sai aka tarar linzamin da ya rage ya ɓace. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da sanarwar za ta hana sayar da shi haka, a 1999 ta zartar.

A cikin 1997 ɗin nan kuma hukumomin magunguna na Amurka da Turai da Japan suka yarda cewa mai sabon magani yana iya gwada shi shekara 2 a kan manyan ɓeraye, sa'an nan maimakon wata shekara 2 a kan ƙanana, ya yi wata 6 da waɗanda aka taɓa gadonsu. Ba ko wane magani a ke nema wa wannan gwaji ba, sai wanda za a daɗe a na sha, kamar wata 6 ko fiye. Saboda haka masu shan sababbin magungunan hawan jini ko na ciwon sukari a nan ƙasarmu, maganar ta shafe su ko ba su sani ba. Cikin ɓerayen kuwa, na Japan ne ya fi samun karɓuwa, don mai linzami ɗaya ya fi jin sinadaran da ke ɓata ƙwayar gado kai tsaye, waɗanda ke bi ta bayan gida su kan wuce shi.

Wa ya fi gaskiya?

A cikin 2003 masanan wata cibiyar gwamnatin Amurka suka ɗauki sinadari 99 waɗanda an san halinsu ga ɗan Adam gwargwadon hali, suka duba abin da ko wane gwaji ya faɗa a kansu. Sababbin ɓerayen sun faɗi daidai tsakanin kashi 74 da 81 cikin 100, tsohon gwajin kuwa kashi 69. Wanda ya tsaya nan zai ce shari'a ta ƙare. Amma kuskuren nasu ba iri ɗaya ba ne. Tsohon gwajin bai saki mai laifi ko ɗaya ba, sai dai ya kama marasa laifi da yawa. Sababbin ɓerayen ba su cika ƙage ba, amma sun saki waɗansu sinadarai da aka sani, ko a ke kyautata zato, suna kawo wa mutum ciwon daji. Da aka haɗa sabon ɓera da gwajin shekara 2 na manyan ɓeraye, sai aka sami wajen kashi 85, ba mai laifin da ya kuɓuta, ƙagen kuma ya ragu da rabi.

Mu dai a ganinmu, kuskuren nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In an tuhumi sinadari mara laifi, kamfani ya yi hasarar kuɗi, wani lokaci ma marasa lafiya su rasa magani mai amfani, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma in an saki mai laifi, sai bayan shekara 20 za a ji labari, a bakin masu jinya. Don haka in ɓeran wata 6 ya ce akwai dafi, a saurare shi da kyau. In ya yi shiru, kada a rubuta hukunci sai an ji ta bakin wani.

Abin da ya ci Doma

Mu kan ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, bisa wannan zato ne kuwa aka gina gwajin dabba duka. Amma akwai inda maganar ba ta ci ba, misalin kuma yana cikin rumbunanmu. A cikin 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Da aka bi sawu, sai aka tarar wata funfuna ce da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su a wuri mai laima, ita ke fid da wani dafi da aka sa wa suna aflatoksin. Manyan ɓeraye, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba cikin abincinsu ya isa ya sa musu ciwon daji a hanta. Ƙaramin ɓera kuwa, in dai ya girma, sai ya ci ya yi ƙiba. Hantarsa tana da wani makari da ke ɗaure dafin kafin ya yi ɓarna, tamu kuwa ba ta da mai ƙarfinsa. A cikin 2010 aka cire wa ƙaramin ɓera ƙwayar gadon wannan makari a Amurka, nan da nan dafin ya kama shi.

Da ƙaramin ɓera kaɗai aka tambaya, da ya wanke aflatoksin tas. Alhali kuwa a 1991 masana suka duba ciwon hantar mutane a wani yanki na ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, inda abinci ke yawan ɗauke da dafin, suka tarar a wajen rabin majinyatan linzamin nan p53 ya tsinke a wuri guda, wanda su ke kira wuri na 249. Daga baya aka ga wannan tabo a Senegal da Gambiya. In kuma dafin ya tarar da ƙwayar cutar hanta mai lamba B a jiki, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, haɗarin ya kan ninka sau da yawa. Sauya wa ɓera ƙwayar gado ɗaya ba ya mai da hantarsa ta mutum. Manomin da ke shanya gyaɗarsa har ta bushe ƙarau, da uwargidan da ke tsince baƙaƙe da masu funfuna kafin ta yi ƙuli-ƙuli, ba sai sun jira wani ɓera ba.

Ba za mu wuce ba kuma sai mun ce dabba ma tana da hakki. Tun 1959 waɗansu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka yi kira a rage yawan dabbobin gwaji, a sassauta musu wahala, a kuma nemi abin da zai maye gurbinsu inda ya yiwu. Ɓera 200 na wata 6 ya fi 400 na shekara 2 sauƙi ta wannan fuska, ko da ya ke an halicce shi ne, in an yarda da kalmar, don ya yi ciwo. Akwai kuma gwajin da Bruce Ames ya fito da shi a Amurka tun wajen 1973, wanda a ke yi da ƙwayoyin cuta cikin faranti, kwana 2 ya nuna ko sinadari yana ɓata ƙwayar gado.

A cikin 2022 hukumomin nan suka ƙara mataki ɗaya. Suka ce mai sabon magani yana iya tara duk abin da aka sani game da shi, watau yadda ya ke aiki a jiki, da abin da ya yi wa dabbobi cikin gajerun gwaje-gwaje, da halin 'yan'uwansa da aka riga aka sani, ya kai gabansu ya nemi a yafe masa gwajin shekara 2 na manyan ɓeraye. In sun gamsu, ɓeran wata 6 yana iya zama shi kaɗai ne dabbar da za a tambaya musamman game da ciwon daji. Hukuma ce ke yanke wannan, magani bayan magani, ba kamfanin ba. Magungunan kashe ƙwari da a ke fesa wa amfanin gona kuwa, a yawancin ƙasashen da ke da doka a kansu, har yanzu dogon gwajin nan na ɓeraye iri biyu a ke nema kafin a ba su izinin shiga kasuwa.